Matafiyi a Gidan Abinci na Baƙuwar Ƙasa

Ɗan'uwa, muddin kana gida ba ka da wata shawara mai wuya game da tuwo. Uwarka ko matarka ta tuƙa, an kwashe a kwano, an fito da shi zaure, ka wanke hannu ka ci tare da waɗanda suka san ka tun kana yaro. Ka san gonar da aka noma geron, ka san rijiyar da aka ɗebo ruwan, ka san mahaucin da ya yanka akuyar. In ka yi rashin ta ido a bakin kwano akwai mai harararka, kafin gari ya waye kuma unguwa duka ta ji. Amma ran da ka ƙetare iyaka, dukan masu tsaron nan naka sun tsaya a baya. Wanda ya dafa bai san ka ba, wanda ya kawo bai san ubanka ba, gobe kuwa ba za ku sake gamuwa ba. A irin wannan wuri a ke sanin halin mutum na gaskiya. Domin haka darasin nan zai koya maka yadda za ka ci abinci inda ba wanda ya san ka, ka tashi da lafiyarka da mutuncinka, ba ka kuwa cuci kowa ba.

1. Yadda tafiya ta sake

Fataken ƙasar Kano, wadda Ringim ke cikinta a zamanin da, su kan yi watanni a hanya zuwa Gwanja neman goro, su sauka a kasuwar Salaga. Ba su san gidan abinci irin na yau ba. Kowa ya ɗaure guzurinsa, gari da ƙuli-ƙuli da kilishi da daddawa. Ayari ya sauka a zango, a hura wuta, a ɗora tukunya. In sun shiga birni kuwa fatoma ne zai sauke su, daga gidansa a ke fito musu da tuwo. Watau ko a nesa mutum yana ci ne daga hannun wanda ya san shi, ko wanda ya san maigidansa.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. A 1930 aka kai hanyarsa Nguru, ta ratsa ta Ringim, cinikin gyaɗa ya kawo kuɗi da baƙi, masu sayar da abinci suka kafa rumfuna a bakin tasha. Jirgin sama ya fara sauka Kano a 1925. An kafa Jihar Jigawa a 1991, Dutse ta zama babban birninta, a 2014 kuma aka buɗe filin jirgin sama a can. Tafiyar da kakanni suka yi cikin watanni, jikoki suna yinta cikin yini. Ɗan Ringim ya kan karya kumallo a gida, ya bi ta Gumel da Maigatari, ya ci abincin dare a Damagaram. Wani kuma ya tashi daga Kano da dare, gari ya waye masa a Alƙahira ko Landan. Ba fatoma mai jiransa, sai dai ya shiga gidan abinci da kuɗinsa, shi kaɗai.

2. Tuwonmu ya riga mu zuwa

Kada ka ji tsoro ka ce za ka mutu da yunwa, gama a ƙasashe da yawa abincin Hausawa ya riga ka isa. A Gana, a zangon Kumasi da unguwar Nima ta birnin Ankara, za ka sami koko da ƙosai da sassafe, mutanen ƙasar kuwa da sunan Hausawa su ke kiran kokon nan. Za ka sami tuwon zafi, da shinkafa da wake wadda a ke dafawa da karan dafi ta yi ja, sunan da su ke kiranta da shi kuma daga kalmarmu ta wake aka samo shi. A Abijan akwai abincin rogo da soyayyen kifi da a ke kira garba, domin mutanen Nijar ne suka shahara da sayar da shi. A Sudan, inda Hausawa suka zauna a Mai Wurno da wasu garuruwa bayan yaƙin Burmi na 1903, tsire ya zama abincin kowa, suna ce da shi agashe.

Ka lura da abin da wannan ke koya mana. Waɗanda suka kai abincin nan talakawa ne masu tukunya da tire, sun yi shekaru suna ciniki da amana har 'yan ƙasa suka yarda da hannunsu. Sa'ad da ka zauna a kujerar gidan abinci ka buɗe baki aka ji Hausa, da su a ke auna ka, da kai kuma za a auna wanda zai zo bayanka. Wake ɗaya shi ke ɓata gari.

3. Ka yi tambaya kafin ka sa hannu

Baƙo ko da ido makaho ne. Yawancin rigimar da a ke yi a gidan abinci daga kuɗi ta ke tashi, kuma da an yi tambaya tun da fari da ba a yi ta ba.

Bari mu yi misali. Wani mutum ya ƙetare daga Maigatari, ya sauka Damagaram da yunwa, ya zauna a rumfar wata dattijuwa mai shinkafa. Ya ce, “Inna, kwano nawa ne?” Ta ce, “Dala ɗari, Malam.” Ya ci ya ƙoshi, ya miƙa mata sefa 100. Ta ce, “Malam, da saura.” Sai ya miƙe ya ɗaga murya, yana cewa an ga baƙo za a cuce shi. Mutane suka taru. Wani yaro ya ja hannun rigarsa ya ce, “Baba, a nan dala ɗaya sefa biyar ce.” Ashe dala ɗari sefa 500 ke nan, jika ɗaya kuwa sefa 1,000. Dattijuwar ba ta ƙara masa ko anini ba. Harshensu ɗaya, lissafi ne ya bambanta, shi kuwa ya kira tsohuwa ɓarauniya a gaban jama'a. Kuɗin ya biya su nan take, amma maganar da ya faɗa ba ta komo bakinsa ba.

In haka ta iya faruwa inda a ke jin Hausa, ina ga inda ba a ji? Saboda haka ka riƙe waɗannan. Ka san darajar kuɗin ƙasar tun kafin yunwa ta kama ka. In an ba ka takardar da aka jera abinci da farashinsa, ka karanta a hankali; in ba ka iya harshen ba, ka roƙi a nuna maka lambar a rubuce. Ka tambaya ko ruwa da burodin da aka ajiye a gabanka kyauta ne ko na saye. A Faransa kuɗin da ka gani a takarda shi za ka biya, ruwan famfo kuma kyauta ne ga mai cin abinci. A yawancin jihohin Amurka kuwa sai an gama ci a ke ɗora haraji bisa farashin da aka rubuta. Matambayi ba ya ɓata.

Akwai kuma ɗaya gefen, wanda ya fi wannan nauyi. Wata rana mai abinci ne zai yi kuskure, ya ba ka canji ya wuce, ko ya manta bai sa naman da ka ci cikin lissafi ba. Motarka tana shirin tashi, ba wanda ya gani, ba kuwa za ka sake biyo hanyar nan ba. Zuciya za ta ce maka rabo ne. Ɗan'uwa, kuɗin wani ne, watakila kuma daga albashin yaron da ya yi kuskuren za a cire su da dare. Koma ka mayar.

4. Haƙƙin mai kawo abinci

A gida tukuici alheri ne, wanda ya ga dama ya bayar. A wasu ƙasashe kuwa yana cikin ladan ma'aikaci. A Amurka dokar tarayya ta yarda a biya mai kawo abinci dalar Amurka 2.13 kaɗai a awa, muddin tukuicin da ya ke samu ya cika masa sauran. Tun 1991 lambar nan ba ta motsa ba, ko da ya ke wasu jihohi sun sa tasu doka wadda ta fi haka. Shi ya sa al'adarsu ita ce mai ci ya ƙara kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari bisa kuɗin abincinsa. Wanda ya ci ya tashi bai bar kome ba, ya sa bawan Allah ya yi masa hidima kusan a banza. A Landan gidajen abinci da yawa su kan sa kashi 12.5 cikin ɗari a takardar kuɗi tun da fari, sai ka duba don kada ka biya sau biyu. A Japan kuwa ba a ba da tukuici, in ka bar kuɗi a tebur a kan biyo ka da su, a zaci mantuwa ka yi. Ka tambayi wanda ya daɗe a ƙasar, gama da ɗan gari a kan ci gari. In kuɗinka ba su isa abinci da tukuici duka ba, nemi wuri mai araha inda a ke saye a tsaye, ba abin kunya ba ne.

Bayan kuɗi akwai magana. Mai kawo maka abinci ma'aikaci ne mai neman halalinsa, da yawansu kuma baƙi ne kamarka, sun bar iyali a wata ƙasa. Gaishe shi kafin ka faɗi abin da ka ke so. Kada ka kira shi da tsaki ko tafi ko kaɗa yatsa, gama a Turai wannan wulakanci ne babba. Ɗaga hannu kaɗan ya isa. In an kawo abin da ba shi ka ce ba, faɗa masa a hankali. Ka koyi kalmar godiya da harshen ƙasar ko da ita kaɗai ka iya.

5. Ka tsare cikinka

Jikinka amana ne, akwai kuma waɗanda ke jiran komowarka. Cutar da ta fi kama matafiyi ta baki ta ke shiga: gudawa, da zazzaɓin taifot, da kwalara, wadda mu ke kira amai da gudawa. Ƙwayoyinsu suna cikin bayan gida na mai cutar, su bi ruwa ko hannu ko ƙuda su shiga abinci, ido kuwa ba ya ganinsu. A 1854, da kwalara ta ɓarke a wata unguwa ta Landan, wani likita mai suna John Snow ya bi gida gida yana tambayar inda mamatan ke ɗiban ruwa, ya tarar yawancinsu daga famfo ɗaya su ke sha, aka cire hannun famfon. Cutar ta sake shigowa Afirka ta Yamma a 1970. A 2021 an ƙirga fiye da mutum 100,000 da a ke zaton ta kama a Nijeriya, fiye da 3,000 suka rasu, Jigawa kuwa tana cikin jihohin da abin ya fi tsanani. Mu dai mun san ta a ƙofar gidanmu.

Ga abin da za ka yi. Ka ci abin da aka sauke daga wuta yana tururi, gama zafin da ya kai digiri 70 yana kashe kusan dukan ƙwayoyin nan. Dafaffen abincin da ya wuce awa 2 a ajiye ba wuta ba sanyi, ka bar shi. Rumfar da 'yan gari suka yi layi a gabanta ta fi wadda ba kowa, domin tukunyarta ba ta kwana. Shayin da aka zuba daga buta mai tafasa lafiyayye ne. Ruwan kwalba, ka duba ba a taɓa buɗe murfinsa ba. Ka yi hankali da ƙanƙara, gama sanyi ba ya tsarkake ruwa, haka kuma zoɓo da kunu da fura in ba ka san ruwan da aka dama su da shi ba. Ayaba da lemo da ka ɓare da hannunka sun fi ɗanyen ganyen da wani ya yanka. Ka wanke hannu da sabulu. Ruwan tasa ɗaya da mutum goma suka tsoma hannu a ciki ba wanki ba ne.

In duk da haka gudawa ta kama ka, abin da ke kisa shi ne ƙarewar ruwan jiki. Ka sami lita 1 ta ruwa mai tsabta, ka zuba sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, da gishiri rabin ƙaramin cokali, ka dama ka riƙa kurɓa. In ka ga jini, ko zazzaɓi mai zafi, ko gudawar ta zama kamar ruwan shinkafa, tafi asibiti nan da nan.

6. Abin da ke cikin tukunya

A nan sabon mai bi ya kan ruɗe. Ya tashi a gidan da ba a cin naman alade, ba a shan giya, yanzu ga shi a ƙasar da a ke sa su a gaban kowa. Turawan Ingila suna kiran naman alade da sunaye dabam dabam, kamar ham da bacon, Faransawa kuma suna cewa jambon, su kan dafa nama da ruwan inabi mai sa maye. Mutum na iya ci bai sani ba.

Wannan tambaya tsohuwa ce. A birnin Korinti na ƙasar Girka, nama da yawa da a ke sayarwa a kasuwa ragowar hadayar gumaka ne. Masu bi na can suka rasa yadda za su yi, suka aika wa Manzo Bulus da tambaya, ya amsa musu cikin wasiƙarsa ta fari wajen shekara ta 55. Gindin amsarsa shi ne, abinci ba shi ke gyara mutum ko ya ɓata shi a gaban Allah ba, amma lalle mai ci ya dubi wanda ke zaune kusa da shi, ya bar abin da zai raunana zuciyarsa.

Ka ɗauki wannan ka auna tafiyarka da shi. Sau da yawa abokin tafiyarka Musulmi ne, wanka ko kawunka ko abokin ciniki. Kada ka sa a kawo abin da zai tashe shi daga tebur. In kai ka iya karanta takardar abincin shi bai iya ba, idonka ya zama idonsa, ka faɗa masa gaskiyar abin da ke cikin kowace tukunya, ka taimake shi ya sami wanda zai ci da kwanciyar rai. In ka ɓoye masa domin ka yi dariya daga baya, ka ci amana, zai kuwa tuna da ita har tsufansa. In watan azumi ne, ka ci naka a cikin ɗaki, kada ka tauna a fuskar mai ƙishirwa. Kai ma kanka, abin da zuciyarka ta ƙi kada ka tilasta mata shi domin ka nuna wa mutane ka sake. Wanda kuma ka gani yana ci da godiya, kada ka hukunta shi.

Game da giya kuwa, ka tuna kai baƙo ne. Wanda ya bugu a garinsu akwai mai kai shi gida. Wanda ya bugu a baƙuwar ƙasa ya kan farka ba kuɗi ba fasfo, wani lokaci a hannun 'yan sanda. In an miƙo maka, ka ce ka gode, ruwa ya ishe ka. Mai hankali ba zai matsa maka ba.

7. Kada ka raina abincin mutane

Kowace al'umma tana ƙaunar tuwonta kamar yadda ka ke ƙaunar naka. Baƙon da aka sa wa miyar kuka da daddawa a Ringim, in ya toshe hanci, yaya za ka ji? To, kada ka yi wa wani. A Habasha a kan shimfiɗa wata faffaɗar waina mai tsami a tire ɗaya, a zuba miya a kanta, kowa ya yaga da hannun dama. A ƙasar Sin da tsinke biyu a ke ci. A Turai a kan riƙe wuƙa a dama, cokali mai yatsu a hagu, da hagun kuma a ke kai loma baki. Wannan tarbiyyarsu ce, ba su nufin raini. In ba ka iya ba, roƙi cokali. In abin bai yi maka daɗi ba, ɗanɗana kaɗan ka ajiye, ba sai ka yamutsa fuska ba.

Ka sa a kawo gwargwadon cikinka. Kwaɗayi mabuɗin wahala ne, kuɗin da ka zubar a faranti ɗaya domin a ce ka shiga babban otel, watakila kuɗin makarantar ɗanka ne na wata guda. A wurinmu wanda ya ce zo mu ci shi ke biya. A Turai da Amurka kuwa abokai su kan ci tare kowa ya biya nasa, saboda haka kada ka shiga da aljihu wofi bisa zaton wani zai ɗauke maka.

8. Godiya

Abu na ƙarshe, wanda ya kamata ya zama na fari a bakin kowane kwano: ka gode wa Allah kafin ka ci, kamar yadda ka ke yi a gida. Kada kunyar baƙi ta hana ka, kada kuma ka ɗaga murya domin a gan ka. Sunkuyar da kai ya isa. Wanda ya tsaya ya tuna cewa Allah yana ganinsa a teburin nan, da wuya ya zagi mai abinci, ko ya tafi da canjin da ba nasa ba.

Tambayoyi

1. Me ya bambanta cin abincin fatake a zango da na matafiyin yau?
2. A Damagaram, in an ce maka dala ashirin, sefa nawa za ka bayar?
3. Mai abinci ya ba ka canji ya wuce, motarka tana shirin tashi. Me za ka yi, don me?
4. Faɗi abu huɗu da za ka duba kafin ka ci ko ka sha a hanya.
5. Yaya a ke haɗa ruwan sukari da gishiri?
6. Kana tafiya da wanka Musulmi wanda bai iya karanta takardar abinci ba. Wane nauyi ke kanka?
7. Ka tuna da wani mai abinci da ka taɓa yi wa magana mai zafi, ko wanda ka ke riƙe da kuɗinsa. In yana inda ƙafarka za ta kai, je ka gyara cikin makon nan.